Takalman Baba a Kwalin Italiya

Ranar Asabar ce, saura kwana tara a yi Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko. Inna ta tafi da ni kasuwar Adjamé da ke birnin Abidjan don in riƙe mata jaka, ita kuma tana goye da ƙanena Habibu. Ruwan sama bai daɗe da ɗaukewa ba, taɓo ya cika layukan kasuwa, masu tura amalanke suna ta ihun a ba su hanya, ƙamshin aloko, wato soyayyar agade, ya gauraye da warin kwata. Mun sayi atamfa da ɗankunne da kayan miya, muna neman mafita ke nan sai muka faɗa layin masu takalma. A nan ne, cikin wani akwatin gilashi da aka kunna wa fitila da rana tsaka, na hango jajayen takalman mata masu maɗauri uku, an ɗora su a kan farin kwali. Na tsaya cak, har wata mata ta yi karo da ni ta baya ta zage ni da Julanci.

"Inna, ga takalmin Baba," na ce.

Mai shagon ya tuntsire da dariya, ya ce da Faransanci yarinyar nan mafarki take yi, kayan nan makon jiya jirgin ruwa ya sauke su daga Italiya. Ya ciro ƙafa ɗaya ya juya mana tafin. Ga tambari nan ruwan zinariya, da wani suna da na kasa karantawa, da sunan ƙasar a ƙasansa. Ni kuwa ba tambarin nake kallo ba. Maɗaurin tsakiya nake kallo, inda huda ta huɗu ta ɗan kauce daga layi, domin ni na yi ta da hannuna, har Baba ya ja mini kunne a kanta. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta mintsine ni a damtse, mintsinin da ya kwana uku shatinsa bai baje ba. Ta tambayi farashi a natse kamar mai niyyar saye, ta ji, ta gyaɗa kai, ta ja hannuna muka wuce. Bas ɗin da muka shiga ya ratsa mahaɗar Indénié, ya hau gada, ruwan lagun, wato tafkin da ke tsakiyar birni, ya bayyana. Sai da muka kusa sauka a Treichville ta sunkuyo ta ce mini, "Rabi, in kika gaya wa Babanki abin da kika gani, ni da ke ne."

A Treichville aka haife ni, a wani gidan haya mai ɗakuna da yawa kewaye da tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya da bishiyar mangwaro ɗaya. Akwai Jula a cikinmu, akwai Mosi, akwai Yarabawa, akwai Tanti Akisi, 'yar ƙabilar Baule mai sayar da aceke, wato dambun rogo, wadda ɗakinta ke kallon namu. Da asuba layin bokiti ke tashin kowa. Aikina shi ne in tare mana ruwa, in share ƙofar ɗaki, in wanke kwanukan jiya, sannan in sa rigar makaranta. Da yamma kuma, kafin mu tafi makarantar allo, mukan zana gidajen 'yar gala-gala da gawayi a kan siminti, ko mu yi carafke da duwatsun da muke ɓoyewa a gindin mangwaro, muna zagin juna da harsuna uku ko huɗu a lokaci ɗaya. Kakana fataucin goro ne ya kawo shi daga arewa bai koma ba. Baba, Malam Isuhu, bai gaji goro ba, dukanci ya koya. Rumfarsa tana bakin ƙofar gida, ta katako da kwano, shi da ƙanensa Baffa Sale suke aiki a ciki. Akwai tsohon keken ɗinki baƙi, da ƙafafun katako da ake ɗora takalmi a kai, da fatu a rataye jeri-jeri. Har yau in na ji warin gam da sabuwar fata sai in ji kamar an kira sunana. Tun ina shekara bakwai Baba ya fara ba ni zare in goga masa kakin zuma, daga baya ya yarda in riƙa huda maɗauri. Wasu na cewa wannan ba aikin 'ya mace ba ne, shi kuwa sai ya yi kamar bai ji ba.

Duk abin da rumfar nan ta ɗinka mutum ɗaya ke kwashewa, Alhaji Mamman, wani ɗan kasuwa daga Adjamé. Yakan zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mako ɗaya ya zo, mako ɗaya ya huta. Tun kafin ya shigo turarensa ke riga shi sallama. Yakan raba wa yaran gida minti, ya zauna a kan benci su yi raha da Baba, a zuba takalman cikin buhuna a sa masa a tasi. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma kowa a gidanmu ya san shi: kada a sa wata alama a tafin takalmi, a bar shi fes. Ban taɓa tambayar dalili ba. Inna ce kaɗai take tsaki a bayan labule duk ranar da ya zo, tana cewa, "Ni ban yarda da mutumin nan ba."

Sai dai maganar ba ta da wani nauyi a wurinmu, domin Inna ba ta yarda da kowa ba. Sunanta Hajara, kuma duk masu talla a unguwar sun san ta. Sai ta shinshina manja kafin ta saya, sai ta tona shinkafa har ƙasan mudu, sai ta ɗaga kunnen kifi ta leƙa. In maƙwabciya ta aiko mana da abinci takan karɓa da godiya, ta rufe ƙofa ta ce, "Bari mu ji abin da za ta zo nema gobe." Mintin Alhaji ma sai ta ɓare ɗaya ta ɗanɗana kafin ta bar ni in sha. Baba yakan yi murmushi ya ce Allah ya shirye ta. Shi mutum ne mai shiru, in yana ɗinki ba ya ɗaga kai sai an kira salla.

Abin mamaki, da muka dawo daga Adjamé ba Alhaji ta fara zargi ba. Shagon da muka ga takalmin ba nasa ba ne, saboda haka ta yanke cewa wani ne ke sulale da kaya daga rumfa yana sayarwa a bayan idon Baba. Kuma wa ke kwana da makullin rumfa in ban da Baffa Sale? Ta kira ni ɗaki ta ce in sa masa ido, duk abin da ya ɗauka, duk inda ya ajiye, duk wanda ya tsaya suka yi magana, in zo in gaya mata. Ba zan ɓoye ba, aikin ya yi mini daɗi. Na daina carafke, na tare a rumfa ina goga kaki ina kallonsa ta gefen ido. Baffa mutum ne mai fara'a, shi ke tara mini guntayen fata masu kauri da nake jifa da su a gala-gala, amma cikin kwana biyu komai nasa ya koma mini abin tuhuma. In ya yi waƙa sai in ce ɓoye wani abu yake yi, in ya yi shiru sai in ce ya gane ana kallonsa. A kwana na huɗu na ga ya zaro wani ƙulli daga bayan fatu, ya cusa a cikin riga ya nufi ƙofa. Na ruga na gaya wa Inna.

Ta tare shi a soro ta ce ya buɗe. Ya dube ta, ya dube ni, ya kwance ƙullin a hankali. 'Yar jakar hannu ce da ya harhaɗa da ragowar fata, ya yi mata ado da koren zare, ya ɗinka harafin farko na sunan yarinyar da yake nema da aure. "Yaya Hajara," ya ce, "in wani abu ya ɓata a ɗakinki, ki faɗa mini sunansa." Inna ta juya ta koma ɗaki. Daga ranar ya daina cin abincin gidanmu, sai ya je bakin titi ya sayi garba, wato aceke da soyayyen kifi da 'yan uwanmu Hausawa ke sayarwa, ya ci a tsaye. Guntayen fata kuma ya daina tara mini. Haka muka yi Sallar nan, ana suyar nama a tsakar gida, shi yana can wurin abokansa. Baba ya tambayi abin da ya faru, duka biyun suka ce babu komai.

Ni ma a lokacin ina da abin da nake ɓoyewa. Takalmin Sallata Baba ne ya ɗinka, kamar kowace shekara, ja mai maɗauri uku, ƙaramin irin wanda muka gani a gilashi. Da muka koma lakwal, wata 'yar ajinmu mai suna Aya, wadda babanta ke aiki a ofis kuma kullum ita ce mai sabon abu, ta tambaye ni inda na samo shi. Ban shirya ba, na ji bakina ya ce, "Wani kawuna ya kawo mini daga Italiya." Nan take aka kewaye ni. Yaran da shekara huɗu suna ganin takalman Baba a ƙafata ba su taɓa duban su sau biyu ba, ranar sai da na cire suka riƙa miƙa wa juna, suna shafawa, suna cewa kayan waje daban ne. Aya ta ba ni rabin burodinta. Na dawo gida ina jin kaina a sama, na wuce rumfa ban tsaya ba.

Da aka shiga babban hutu, Inna ta juya kan Alhaji. Wata Juma'a, tasinsa na tashi ta gyara goyon Habibu, ta ja ni muka fita, ta tare wata tasi ta ce a bi waccan. Matar da ke iya takawa daga wannan unguwa zuwa waccan don kada ta shiga mota, ranar ko ciniki ba ta yi ba. Cunkoson Indénié ya taimake mu, motarsa ba ta ɓace mana ba har cikin Adjamé. Muka ga an sauke buhunan an shige da su wani lungu a bayan shaguna. Muka bi, muna tsallake kwata, har wata ƙofar kwano da ke buɗe rabi. A ciki akwai kurfoti cike da garwashi, an ɗora wani ƙarfe mai mariƙin katako a kai. Mutum ɗaya yana naɗe fararen kwalaye, wani yana shimfiɗa takarda mai ruwan zinariya a tafin takalmi ya danna ƙarfen, hayaƙi ya ɗan tashi. Alhaji na zaune a kujera yana shan shayi.

Inna ta tura ƙofar ta yi sallama, ta ce, "Alhaji, ashe Italiya kusa take haka?"

Na yi zaton zai firgita. Ko kofin bai ajiye ba. Ya sa aka kawo mata kujera, ta ƙi zama. "Maman Rabi," ya ce, "kin wahalar da kanki da yaran nan a banza. Da kin tambaye ni a gida da na gaya miki."

"Guminsa kake ci, kana ɗora sunan wasu a kan aikinsa, shi yana can ya sunkuya bai sani ba."

"Bai sani ba?" Ya nuna ƙarfen da ke kan wuta. "Wancan da kike gani, tare da mijinki muka je wurin maƙerin da ya yi shi. Shi ya zaɓi fasalin rubutun, don ya fi ni ido. Ki koma ki tambaye shi."

Inna ta tsaya tana kallon garwashin, Habibu yana wasa da ɗankwalinta. Sannan ta juya muka fita, ba ta yi sallama ba.

Bayan la'asar ta aika ni in kira Baba. Ya shigo yana goge gam a hannunsa, ya zauna a bakin gado. Ba wanda ya kore ni, sai na lafe a bayan ƙofa. "Malam," ta ce, "daga wurin Alhaji nake. Na ga ƙarfen." Ya ce lokacin da ya buɗe rumfa yana da nasa tambarin, sunansa da sunan unguwarmu. Wata uku yana yawo da kaya a Adjamé. Mutane su ɗauka, su yaba, su gwada, da sun juya tafin sun karanta sai su ajiye. Wata mata har ta saya ta tafi, washegari ta dawo da shi tana faɗa a gaban jama'a, wai an cuce ta, ta ɗauka na waje ne. A lokacin Inna tana ɗauke da cikina, kuma babu hatsi a ɗaki. Nan Alhaji ya kawo shawararsa. "Fatar ita ce, hannun shi ne," in ji Baba. "Suna kawai aka canza, aka fara rububi."

"To me ya hana ka gaya mini?"

"Kunya."

"Shekara goma ina zagin mutum a bayan labule, kana jina. Na ci mutuncin ƙanenka a soro saboda kai."

Ta tashi ta tuƙa tuwo, ta yi miyar kuka da man shanu, ta ɗauka da kanta ta kai wa Baffa Sale a rumfa, ta durƙusa ta ba shi haƙuri. A nan muka ji cewa shi ma ya san komai tun farko. Ya gwammace a kira shi ɓarawo da ya tona asirin yayansa.

Kwana biyu Inna ba ta yi wa Baba magana ba sai gaisuwa. A na uku ta ce masa ba ta hana shi harkarsa da Alhaji ba, amma tana son ya ɗinka mata nata kayan da sunansa a kai, ita za ta sayar. Ya ce ba za su saya ba, ya riga ya gwada. Ta ce shi ya gwada, ita ba ta gwada ba. Don kada a ce ta taɓa fatar Alhaji, ta fitar da atamfofinta biyu da ba ta taɓa ɗinkawa ba ta sayar, ta je da kanta wurin majemi ta zaɓo fata, bayan ta shinshina kusan duk abin da ke rumfarsa. Baba ya tono tsohon tambarinsa daga ƙasan akwati, ya yi tsatsa, ni na goge shi da toka da lemun tsami.

Tashar Bassam ba ta da nisa da gidanmu. Nan Inna ta zaɓa, inda motocin Grand-Bassam ke lodi, mutane na zaune suna jiran mota ta cika. Ta jera takalman a cikin daro ta ɗora a ka, ni ina biye da tabarma. Abin da na gani a makonnin nan ba zan manta da shi ba. Kowa ya zo da nasa zargin. Wani ya ce roba ce aka shafa wa launi. Wata ta ce in da gaske fata ce me ya sa ba ta da tsada. Wani direba ya rantse kayan sata ne daga tashar jiragen ruwa, an goge sunan asali an buga na bogi. Wasu kuwa da sun karanta Treichville sai su yi dariya su ajiye, kamar yadda Baba ya faɗa. Sai dai sun haɗu da wadda ta fi su iya zargi, ta san abin da mai shakka yake son gani. Takan ba mutum takalmi ta ce ya lanƙwasa iya ƙarfinsa. Takan zuba masa ruwa a gabansu. Ta ware ƙafa ɗaya ta yanka da reza don a ga cikin fatar. Sannan ta nuna hanya da hannu ta ce, "Gidanmu na can, mai mangwaro a tsakiya. In ya tsinke ki kawo, mai shi zai gyara kyauta, ni kuma ki zage ni." Duk da haka a makon farko mutum biyu ne suka saya, ɗaya daga ciki Tanti Akisi ce, kuma kowa ya san tausayi ne ya sa ta.

Wata Lahadi ina zaune a gefen daro ina korar ƙuda, sai na ga Aya da mamarta sun zo shiga motar Bassam. Na sunkuyar da kai, amma ta riga ta gan ni. Ta zo ta tsaya, ta dubi ƙafata, ta dubi daron. Ta ɗauki ja mai maɗauri uku ta juya, ta karanta sunan Baba da ƙarfi, harafi bayan harafi. Ta ajiye ta tafi. Ranar da aka koma lakwal, kafin a buga ƙararrawa sunana ya zama Italiya. Har yaran wasu azuzuwa suna kira. Na jure kwana uku, a na huɗu na dawo gida ina kuka, na shige rumfa na zauna a ƙasa. Baba ya tsayar da keke ya tambaye ni. Na gaya masa duka, har rabin burodin. Na jira ya ja mini kunne. Sai ya ɗora hannunsa mai warin gam a kaina ya ce, "Tashi ki wanke fuskarki. Ba laifinki ba ne, a gida kika koya."

Juma'ar da ta biyo baya Alhaji ya zo babu minti. Wata mai sayen kayansa ta ga irin takalminta a daron Inna, ta koma ta yi masa tijara a shago. Ya ce wa Baba ba za a yi haka ba, ko dai daron nan ya daina fita, ko shi ya daina zuwa. Ya faɗa ne yana murmushi, don yana ganin ya san amsar da zai samu. Baba ya ɗaga kai daga ɗinki ya ce, "To Alhaji, Allah ya saka da alheri a kan zaman da muka yi. Daron zai ci gaba da fita." Inna tana bayan labule, na ga ta dafe ƙirji. Da Alhaji ya tafi ta fito ta ce, "Malam, ba fushi ne ya sa ka ba? Ni fa ban ce ka kore shi ba." Ashe ita kanta ba ta gama yarda da dabararta ba.

Watannin da suka biyo baya sun yi tsanani. Nama ya ɓace daga miya, daga baya kifi ma ya zama na ranar Juma'a. Baffa Sale ya fara zuwa tashar jiragen ruwa yin dako kwana uku a mako, aka ɗage bikinsa. Baba, wanda ke ƙera takalmi daga farko har ƙarshe, ya koma karɓar gyaran tsofaffin silifa na 'yan unguwa. A tsakar gida ana ta ƙus-ƙus cewa mace ta kashe wa mijinta kasuwa, in Inna ta fito ɗiban ruwa sai hira ta tsaya. Ita kuma kullum da safe ta ɗauki daronta.

Ta inda ba mu zata ba abin ya buɗe. Tanti Akisi ta yi daminar baya duka tana yawon tallar aceke da takalmin nan a cikin ruwa da taɓo, bai ɗaye ba, bai tsinke ba. Matan cocinsu suna shirin wani biki, suna son takalmi iri ɗaya, sai ta kwaso su ta kawo rumfar Baba. Sun zo ne suna harare-harare, wata ma ta ce in ya ɓata mata ƙafa har wurin 'yan sanda za ta kai shi. Baba ya shimfiɗa takardar buhun siminti, kowace ta taka, ya zana ƙafarta da fensir. Yawancinsu matan kasuwa ne masu faɗin ƙafa, da suka shekara suna cusa ƙafarsu cikin takalman kwali suna ɗingishi. Ranar da suka zo karɓa, wadda ta yi maganar 'yan sanda ta sa nata, ta taka zuwa famfo ta dawo, ta sake takawa, sannan ta tambaya ko yana yin na maza. Bayansu ma'aikatan jinya suka fara zuwa, sai direbobin tashar, har da wanda ya ce kayan sata ne. Kafin in gama lakwal Baba ya kama shago a bakin babban titi, ya ɗauki mutum huɗu aiki. Majemin nan ya ƙara ma'aikata saboda mu, wata maƙwabciyarmu Bamosa ta fara ɗinka mana jakunkunan atamfa da ake saka takalmi a ciki, da su ta sa 'ya'yanta a makaranta.

Ba wai kowa ya yarda ba. Akwai waɗanda har ƙarshe in sun ji a nan aka yi sai su taɓe baki. Alhaji kuwa cikin wata ɗaya ya sami wani baduku, kasuwarsa ba ta girgiza ba. Sun ci gaba da gaisawa da Baba a masallaci, ya zo ɗaurin auren Baffa Sale da ƙwaryar goro. Inna ta karɓa, ta yi godiya, ta rabar ba ta ci ko ɗaya ba.

Yanzu ina aiki a wani ofis kusa da tashar jiragen ruwa, kullum ta Treichville nake wucewa. An rushe gidanmu an yi bene, inda rumfar take yanzu ana sayar da wayoyi. Habibu ne ke riƙe da shagon, ma'aikatansa sun ninka na da, rabin cinikinsa ta waya yake yi, har daga wasu ƙasashe ake aiko masa da awon ƙafa. Ina ganin 'yan mata masu digiri suna buɗe wuraren ɗinki, da na sabulu, da na sarrafa kokon cakulan, suna rubuta Abidjan da manyan haruffa a jikin kayansu, masu saye kuma suna nema da gangan, suna alfahari da shi a gaban baƙi. 'Ya'yana, da Faransancinsu ya fi Hausarsu, in na ba su labarin nan sai su ɗauka ƙari nake yi, sun kasa gane abin kunya a ciki. Ina murna da hakan, amma wani lokaci in na tsaya a shagon ina jin ƙarar kekuna, sai in yi kewar 'yar rumfar nan mai zafi da mutumin da ke sunkuye a cikinta. Baba ya rasu kafin abin ya kai haka, kuma shi ne ya fi kowa cancantar ya gani.